Ɓeran da Ya Kasa Tara Kitse: Lacca a kan Ƙwayar Gado ta Atg7



Maganata ta yau a kan ƙwayar gado guda ɗaya ce tak a jikin ɓera, wadda masana suka raɗa wa suna Atg7. Na san akwai mai cewa a ransa, duk tarin matsalolin lafiya da ke gabanmu, me ya kai mu ga ɓera? Ina roƙon ya ba ni aron kunnensa. Abin da aka gano a kan wannan ƙwaya ya shafi ƙiba da rama, ya shafi ciwon suga da kitsen hanta, ya kuma shafi wasu maganganu da ke yawo a wayoyinmu game da yunwa da lafiya, waɗanda ake jingina wa kimiyya alhali ba ta faɗe su ba.

Jikin ɓera, kamar namu, an gina shi da ƙwayoyin halitta, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin ɗakin gwaji. A cikin kowace ɗaya akwai umarni da aka gada daga uwa da uba. Kowane yanki na umarnin nan da ke faɗin yadda za a ƙera wani furotin, shi nake nufi da ƙwayar gado. Ɓera yana da irin waɗannan kimanin 20,000, mu ma kusan haka, kuma mafi yawan nasa suna da takwarorinsu a jikinmu. Atg7 tana cikinsu. Shi ya sa idan aka taɓa ta a jikin ɓera, likitan mutane yakan miƙe zaune ya saurara.

Kafin shekarun 1930, akasarin masana sun ɗauka jikin baligi gini ne da aka kammala. Abinci makamashi ne kawai, sai ɗan gyara inda ya lalace, kitse kuma ajiya ce da ke kwance ba a taɓa ta sai ranar yunwa. Wanda ya rushe wannan fahimta shi ne Rudolf Schoenheimer, wani masani Bayahude da ya bar Jamus a 1933 bayan 'yan Nazi sun hau mulki, ya koma Jami'ar Columbia da ke New York. Shi da abokin aikinsa David Rittenberg suka ba ɓeraye mai da aka yi wa alama da wani nau'in haidurojin mai nauyi, yadda za a iya bin sawunsa a cikin jiki. Abincin da ake ba su bai ishe su ba, ramewa suke yi. Kowa zai zaci duk man da suka ci nan take za su ƙone shi. Da aka duba, sai ga kaso mai yawa na man nan kwance a ma'ajiyar kitsensu. Ashe ma'ajiyar ba ta taɓa zama a rufe: sabo yana shiga, tsoho yana fita, ko ana yunwa ko ana ƙoshi. Da suka bi sawun furotin ta irin wannan hanya, sai suka tarar haka abin yake.

Yau mun san jikin baligi yana rushe furotin tsakanin giram 200 zuwa 300 a kowace rana ya sake gina shi, alhali abin da yake ci bai cika wuce giram 60 zuwa 80 ba. Ragowar daga ina take fitowa? Daga jikin kansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zuba tukwanen alminiyam ya ga misalin abin: tsohon gwangwani da fasasshiyar tukunya su ake jefawa a wuta, su narke, a zuba sabuwa. Ƙwayar halitta haka take yi da tsofaffin furotin nata, ta warware su zuwa ƙananan tubalan da ake kira amino asid, ta sake ƙera sababbi da su.

Manyan hanyoyin wannan aiki biyu ne. Ta farko ɗaya bayan ɗaya take ɗauka. Ana liƙa wa furotin da wa'adinsa ya cika wata 'yar alama mai suna yubikwitin, sai wata na'ura a cikin ƙwayar ta gane alamar ta daddatse shi. Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose sun sami kyautar Nobel ta 2004 a kan gano wannan. Hanya ta biyu ita ce tamu ta yau, kuma ita a dunƙule take kwasa. Christian de Duve, a Jami'ar Louvain ta ƙasar Beljiyam, yana binciken yadda insulin ke aiki a hanta ne lokacin da ya ci karo da wasu ƙananan jakunkuna masu tsami a cikin ƙwayoyin hantar, cike da sinadaran narkarwa. A 1955 ya sa musu suna laisosom. Daga baya aka riƙa ganin gutsattsarin sassan ƙwayar kanta a cikin jakunkunan nan, ana narkar da su. A 1963 de Duve ya kira wannan aiki otofaji, a 1974 kuma ya sami Nobel.

Daga nan magana ta kusa tsayawa cik har kusan shekara talatin. Ana ganin abin a madubi, amma ba wanda ya san ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da shi. Yoshinori Ohsumi ya buɗe nasa ɗakin binciken a Jami'ar Tokyo a 1988, yana da shekara 43, ya zaɓi abin da mutane ba sa rububi a kai, wato yis ɗin da ake sa wa burodi. Dabararsa mai sauƙi ce. Ya samo yis da ba shi da sinadaran narkarwa, ya hana shi abinci. In dai yis yana otofaji, to kayan da aka kwaso za su taru tunda babu mai narkar da su. Cikin 'yan sa'o'i ya ga ƙananan ƙunshi sun cika ma'ajiyar yis ɗin. Ya wallafa wannan a 1992. A 1993, shi da ɗalibarsa Miki Tsukada suka tace dubban yis masu naƙasa, suka fitar da ƙwayoyin gado 15 waɗanda in babu ɗaya daga cikinsu aikin ba ya yiwuwa. Ta bakwai a jerin ita ce tamu. A 2016 aka ba Ohsumi kyautar Nobel shi kaɗai.

To, mene ne aikin Atg7? Idan ƙwayar halitta za ta kwashe wani abu, sai wata 'yar fata ta tsiro a cikinta, ta riƙa faɗaɗa tana lanƙwasa har ta kewaye kayan ta rufe, ta zama jaka mai ninki biyu. Jakar ta je ta haɗe da laisosom, a narkar da abin da ke ciki. Kafin fatar nan ta girma ta rufe yadda ya kamata, sai an manna mata wani ƙaramin furotin mai suna LC3. Shi kuma LC3 ba ya mannuwa sai an tayar da shi tukuna, haka ma ɗan'uwansa Atg12. Furotin da ƙwayar gado ta Atg7 ke ƙerawa shi ne mai tayar da su duka biyun. Abin sha'awa, yadda yake yin haka ya yi kama ƙwarai da yadda ake tayar da yubikwitin a waccan hanya ta farko. Tunda mataki biyu sun rataya a wuyanta, cire Atg7 ya zama hanya mafi sauƙi ta tsayar da otofaji a ga abin da zai biyo baya.

Fasahar cire ƙwayar gado ɗaya daga ɓera ta samu tun ƙarshen shekarun 1980, kuma a kanta aka ba Mario Capecchi da Martin Evans da Oliver Smithies kyautar Nobel ta 2007. A 2004 ayarin Noboru Mizushima suka cire Atg5, abokiyar aikin tamu. A 2005 Masaaki Komatsu da Keiji Tanaka da abokansu a Tokyo suka cire Atg7. Sakamakon iri ɗaya ne. Ana haihuwar 'ya'yan ɓeran da siffarsu kusan daidai, amma ba sa wuce kwana ɗaya a duniya. Ku yi tunanin halin da jariri ke ciki a sa'o'in farko. Abincin da yake samu ta cibiya ya yanke, nono bai kankama ba. A ɓera mai lafiya, otofaji yana tashi sosai a wannan ɗan tsakanin, musamman a zuciya da tsokar numfashi, jaririn ya ɗan ci daga jikinsa kafin nono ya iso. Waɗanda ba su da ƙwayar, amino asid na jininsu yakan faɗi ƙasa. Sai dai labarin bai tsaya nan ba, domin an lura ba sa iya kama nono. A 2016 ayarin Mizushima suka mayar da Atg5 cikin ƙwayoyin jijiya kaɗai, sauran jiki babu, sai ga ɓerayen sun sha nono sun rayu har sun girma, ko da yake da larurori. Wato mutanen da suka kawo bayanin farko su ne suka dawo bayan shekara 12 suka gyara shi. Ina so ɗalibai su riƙe wannan.

Tunda ɓeran da ba shi da Atg7 gaba ɗaya ba ya rayuwa, sai aka koma cire ta a gaɓa ɗaya a bar sauran jiki. Da aka cire ta a hanta, hantar ta kumbura har ta kusa cika cikin dabbar, ƙwayoyinta suka cika da lalatattun sassa da dunƙulen furotin da ba a kwashe ba, daga baya ma ƙari ya riƙa fitowa. Da aka cire ta a ƙwaƙwalwa a 2006, ƙwayoyin jijiya suka riƙa mutuwa, ɓerayen suka kasa daidaita tafiyarsu, suka mutu cikin mako 28. Babu wata cuta da aka sa musu. Rashin shara kawai ya kashe su.

Har zuwa lokacin, kowa ya ɗauki otofaji a matsayin harkar furotin da tsofaffin sassa. Shekarar 2009 ce ta shigo da kitse cikin zancen, kuma ta ƙofa biyu masu fuskantar juna.

Ƙofar farko hanta ce. Rajat Singh da Ana Maria Cuervo da Mark Czaja, a Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein da ke New York, suka wallafa a mujallar Nature cewa jakar otofaji tana gutsurar ɗigon mai da ke ajiye a ƙwayar hanta ta kai shi laisosom a narke. Da suka tsayar da aikin, mai ya taru. Ɓerayen da aka cire wa Atg7 a hanta sun tara mai da kwalastarol fiye da 'yan'uwansu. Sun kuma ga wani abu da ya fi damuna: idan aka daɗe ana ɗura wa ɓera abinci mai maiƙo, ita kanta wannan kwasar mai takan yi rauni. Mai yana raunana mai kwashe shi, raunin yana ƙara tara mai. A 2010 ayarin Gökhan Hotamisligil a Harvard suka ƙara da cewa Atg7 tana raguwa ƙwarai a hantar ɓeraye masu ƙiba, kuma da suka mayar da ita, jikinsu ya ƙara jin insulin.

Wanda ya ji wannan zai ce, to ai an gama: babu Atg7, kitse ya taru. Sai aka je gidan kitsen kansa. Ayari biyu suka cire Atg7 a ƙwayoyin kitse, ɗaya shi ne na su Singh, ɗayan kuma na Shengkan Jin a jihar New Jersey, kuma duk a 2009 suka wallafa. Ɓerayen ba su yi ƙiba ba. Ramewa suka yi. A rahoton ayarin Jin, farin kitsen da ke jikinsu kashi 20 ne kawai cikin 100 na wanda ke jikin ɓera mai lafiya. An ba su abinci mai maiƙo irin wanda ke mayar da ɓera ɓul-ɓul, suka ƙi ƙiba. Jikinsu ya fi jin insulin, man da ke yawo a jininsu ya ragu, sun kuma fi kazar-kazar. Ƙwayar gado ɗaya, dabba iri ɗaya, shekara ɗaya: a hanta rashinta ya tara mai, a ma'ajiyar kitse rashinta ya hana tarawa.

A nan nake so mu daɗe kaɗan, domin nan ne zuciyar maganar. Kitsen jiki iri biyu ne. Akwai fari, wanda kowa ya sani a teɓa da cinya da jikin rago. Akwai kuma mai ruwan ƙasa, wanda zan kira jan kitse don sauƙi. Ƙwayar farin kitse, idan ka dube ta a madubi, kusan ba komai a cikinta sai ƙaton ɗigon mai guda ɗaya da ya tura sauran kaya gefe, suka manne a bango. Ƙwayar jan kitse kuwa ƙananan ɗigo ne barkatai, tsakaninsu cike da maitokondiriya, wato ƙananan sassan da ke ƙona suga da mai su ba da ƙarfi. Yawansu ne ya ba ta launinta, aikinta kuma ƙona mai ne don ɗumama jiki. Jarirai suna da ita tsakanin kafaɗu, shi ya sa suke iya riƙe ɗumi alhali ba su iya karkarwar sanyi ba. A wannan shekara ta 2009 ne ma aka tabbatar da cewa manya suna da ragowarta mai aiki a wajen wuya.

Ƙwayar da za ta zama farin kitse ba haka take farawa ba. Da fari tana da cikakkun kaya, kuma a tsakiyar girmanta maitokondiriya ma ƙaruwa suke yi. Kafin ta zama ma'ajiya sai ta rage su, ta share fili, ƙananan ɗigon mai su haɗe su zama ɗaya. Mai wannan sharar shi ne otofaji. Da aka cire Atg7, sharar ba ta yiwu ba. Aka sami ƙwayoyi ƙanana, kusan rabinsu masu ɗigo da yawa, cike da maitokondiriya, suna zaune a gurbin farin kitse amma suna hali irin na ja, suna ƙona man da ya kamata su adana. Abin da ɓeran nan ya nuna shi ne, jiki ba ya iya ajiya sai ya yi rushe-rushe a cikin gida tukuna. Mun saba ɗaukar narkarwa da tarawa a matsayin kishiyoyi. A cikin ƙwayar kitse, ɗaya sharaɗin ɗaya ne.

Ba abin mamaki ba ne da wasu suka fara mafarkin maganin ƙiba daga nan. Amma mu bi sauran gaɓoɓi mu gani. A 2013 ayarin Myung-Shik Lee a Koriya ta Kudu suka cire Atg7 a tsoka, suka sami ɓeraye marasa kitse da ba sa kamuwa da ƙiba. Dalilin shi ne lalatattun maitokondiriya sun taru a tsokar, ita kuma saboda wahala ta riƙa sakin wani sinadari mai suna FGF21 cikin jini, shi kuma ya je ya sa kitse ƙonewa. Ramar nan kukan tsoka ce mai ciwo. Tun a 2009 ayarin Marco Sandri a Padua ta Italiya sun nuna tsokar da ba ta da Atg7 tana shanyewa, ƙarfinta yana raguwa. A ƙwayoyin da ke samar da insulin, cire ta ya rage insulin ɗin, sugan jini ya hau. A can cikin ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa yunwa da ƙoshi, cire ta daga jijiyoyin da ke sa cin abinci ya ba da ramammen ɓera, cire ta daga maƙwabtansu masu hana ci ya ba da mai teɓa.

Ko a kan hantar ma ba a gama daidaitawa ba. Wasu masu bincike a Japan da Koriya sun cire Atg7 a hanta suka ga mai ya ragu maimakon ya ƙaru, a wani yanayi na yunwa ko na abinci mai maiƙo. Shekarun dabba, irin abincinta, da lokacin da aka cire ƙwayar, duk suna juya sakamako. Haka kuma, ɓerayen 2009 tun suna ciki aka cire musu ƙwayar, kafin kitsensu ya ginu. A 2018 wani ayari a Jami'ar Utah ya tsayar da otofaji a ƙwayoyin kitsen da suka riga suka nuna, ta hanyar cire wasu 'yan'uwan Atg7. Wannan karon jikinsu daina jin insulin ya yi. Mai teɓar da ke neman magani kuwa baligi ne, kitsensa ya riga ya ginu. Saboda haka gwajin 2018 ya fi kusa da halinsa fiye da na 2009.

Ina kuma so mu daina kallon kitse a matsayin abokin gaba kawai. Akwai mutanen da ake haifa ba su da ƙwayoyin kitse, ko suke rasa su daga baya. Da rashin kitse lafiya ne, da sun fi kowa lafiya. Amma su ne ke fama da ciwon suga mai tsanani da hanta mai kitse, domin man da ba shi da wurin zama sai ya malala cikin hanta da tsoka da jini. Ma'ajiyar kitse rahama ce muddin ba ta cika ta tumbatsa ba.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ayarin Eileen White a Jami'ar Rutgers, a 2014. Sun bar ɓeraye suka girma lafiya, sannan suka kashe Atg7 a duk jikinsu lokaci guda. Ɓerayen suka rayu wata biyu zuwa uku. Kitsensu ya zube, wasu cututtuka masu yaɗuwa suka kashe su, sauran kuma lalacewar ƙwaƙwalwa. Da aka hana wasunsu abinci na kwana ɗaya, abin da ɓera mai lafiya ke jurewa, sai sugan jininsu ya faɗi warwas, suka mutu. Jikin da ba ya iya ci daga kansa ba ya iya jure yunwa. A cikin wannan binciken dai, ɓerayen da ke da kansar huhu, da aka kashe musu ƙwayar, ƙarin ya daina bunƙasa tun kafin sauran jiki ya fara lalacewa. Ma'ana ita ma kansa tana dogara da otofaji don ta rayu.

Mutum fa? A 2021 masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Newcastle ta Ingila suka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine labarin mutum 12 daga iyalai biyar da suka gaji lalatacciyar ATG7 daga uwa da uba. Suna da larurar ƙwaƙwalwa da jijiya, tangaɗi wajen tafiya, jinkirin girma, raunin tsoka, wasu da matsalar gani ko ji. Amma suna raye, har da waɗanda suka manyanta. Abin da ke kashe ɗan ɓera a kwana ɗaya, ɗan Adam ya rayu da shi shekaru. Wannan kaɗai ya isa ya hana mu ɗauko sakamakon ɓera mu ɗora wa mutum kai tsaye.

Yanzu bari in zo gida. Duk shekara, musamman idan azumi ya gabato, saƙonni kan cika WhatsApp da Facebook cewa wani masani ɗan Japan ya ci Nobel don ya gano azumi yana sa jiki cinye kansa da sauran cututtuka, har da ƙayyade sa'o'i. Jama'a, Ohsumi a kan yis ya yi aikinsa, kuma an ba shi kyautar ne don gano ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da otofaji. Gaskiya ne yunwa tana tayar da otofaji. Mizushima ya nuna haka a ɓera a 2004 bayan yunwar kwana ɗaya zuwa biyu, ya kuma ga kowace gaɓa da nata martani, ƙwaƙwalwa ma ba ta nuna alama ba. Amma ɓera nauyinsa bai wuce giram 25 zuwa 30 ba, zuciyarsa tana bugawa sama da sau 500 a minti, kuma yunwar kwana biyu tana zubar masa da kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. Sa'arsa ba sa'armu ba ce. Har yau babu wani gwajin jini mai sauƙi da zai auna otofaji a hantar mutum mai rai, saboda haka mai ce maka abin yana farawa a sa'a kaza, ƙiyasi yake yi. Batun kansa kuwa kun ji da kunnenku cewa takobi ne mai kaifi biyu. Azumi ibada ne, mai yinsa don Ubangijinsa yake yi, ba ya jiran shaidar ɗakin gwaji. Abin da nake tsoro shi ne mai kansa ya bar asibiti ya koma hana kansa abinci, alhali cutar tana cin tsokarsa, ko mai ciwon suga ya shiga yunwar kwanaki da sunan wanke jiki.

Akwai maganin da duk mun sani wanda ke tsayar da otofaji, wato kulorokwin, wanda da yawanmu suka sha don zazzaɓin cizon sauro, suka kwana suna susa. Yana shiga laisosom ya rage tsaminta, narkarwa ta tsaya. Don haka ne masu bincike ke amfani da shi a ɗakin gwaji, ake kuma jarraba ɗan'uwansa tare da magungunan kansa. Kada wani ya fita daga nan ya ce an ce yana rage ƙiba. Ƙwayar magani ba ta san hanyar teɓa ita kaɗai ba. Za ta je hanta da tsoka da zuciya da ido, kuma shansa da yawa ko na dogon lokaci yana lalata gani, yana rikita bugun zuciya, yana kisa.

Ɗaya gefen kuma ya fi yawa a cikinmu, musamman tsakanin 'yan mata da amare: magungunan ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu akwai dezametason ko danginsa a ciki. Irin wannan magani umarni yake ba tsoka ta rushe furotin nata, ta waɗannan hanyoyi biyu da na bayyana, hanta ta mayar da tubalan suga, kitse kuma ya taru a fuska da ciki da ƙeya. Mai sha tana ganin kumatu sun ciko, ba ta ganin cinyoyi da damatsa suna zubewa, ƙashi yana raunana, hawan jini da suga suna matsowa. Kuma wadda ta daɗe tana sha, yanke shi rana ɗaya haɗari ne, sai likita ya riƙa rage mata a hankali.

Ga ɗalibanmu na kimiyyar halittu da likitanci, ku lura cewa tambayar da ta buɗe wannan fage duka, da yis da madubin ɗakin gwaji aka fara amsa ta. Akwai tambayoyin da ke gabanmu kullum a asibitocinmu. Yaron da tamowa mai kumburi ta kama, jikinsa ba tsoka, hantarsa kuwa cike da mai. Ga kuma masu ciwon suga da ba su taɓa yin ƙiba ba. Waɗannan tambayoyi ne na rushewar furotin da ajiyar kitse, kuma marasa lafiyar a wurinmu suke, ba a Tokyo ko New York ba. Ku ɗauke su da muhimmanci.

Ga sauran jama'a, roƙona biyu ne. Mai ciwon suga ko hawan jini ko ciwon ƙoda, ya ga likitansa kafin azumi ya kama, a daidaita masa magani da lokacin shansa. Iyaye mata kuma, ku duba abin da ake ba 'ya'yanku su sha kafin biki. In kun tarar yarinya ta riga ta fara, kada ku ƙwace ku zubar a ranar, ku kai ta asibiti tare da kwalin maganin.